Idan aka ce kowa ya tashi: Halin da masu cutar MS da sauran naƙasassu ke shiga lokacin bala'i a yankin Garun Malam

A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwa shi ne jari. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ake koro ruwa ta manyan magudanai zuwa dubban kadada na gonakin shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Daga nan ne kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da masu casar shinkafa na Kura ke ciyar da kasuwannin birnin Kano, har ma da na kudancin ƙasar nan.

Sai dai ruwan da ke kawo arziki da rani, shi ne kuma ke zama abin fargaba da damina. Dattawan yankin ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba, haka nan ambaliyar da ta ci garuruwa da dama a jihohin Kano da Jigawa a 2001. A irin wannan rana shela ɗaya ake yi: kowa ya tashi, a nufi tudu. Wannan shela kuwa ta ɗauka cewa kowa na jin kira, kowa na ganin hanya, kuma kowa na da ƙafar gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan ɗaya cikin kowane mutum shida a duniya, na rayuwa da wata naƙasa mai nauyi. A cikinsu akwai waɗanda naƙasarsu ba ta fitowa fili, kuma ba ta zama a hali ɗaya. Babban misalinsu shi ne masu cutar da likitoci ke kira maltiful sikilerosis, ko MS a taƙaice. Duba halin da suke shiga lokacin bala'i yana fito da giɓin da ke cikin shirin agajin gaggawa, giɓin da ya shafi gurgu da makaho da kurma da tsoho baki ɗaya.

Mece ce cutar MS?

Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a cikin ƙwaƙwalwa da laka suna da wani rufi mai maiƙo, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A jikin mai MS, garkuwar jiki ce ke yin kuskure ta afka wa wannan rufi, ta zaizaye shi a wurare dabam-dabam, ta bar tabo. Idan rufin ya lalace, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa zuwa ido ko ƙafa ko mafitsara sai ya riƙa jinkiri, wani lokaci ma ya yanke a hanya.

Alamomin sun danganta da inda tabon ya faɗa. Wani ido ɗaya ne zai dushe masa tare da ciwo. Wata ƙafarta ce za ta yi nauyi ko ta riƙa jin kamar tafiyar kiyashi. Akwai jiri da tangaɗi, da rawar hannu, da kasa riƙe fitsari, da wata irin gajiya da barci ba ya kawar da ita. Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu cutar suna farawa ne da nau'in da ke tashi ya lafa: ciwon ya taso na kwanaki ko makonni, ya yi sauƙi na watanni ko shekaru, sannan ya dawo.

Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara bayyana cutar dalla-dalla a 1868. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma an fi gano ta tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato shekarun da mutum ke tsakiyar neman abinci da renon 'ya'ya. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba, amma akwai magungunan da ke rage yawan tashinta, su kuma jinkirta naƙasar da take jawowa.

Dalilin da ya sa ba a cika jin sunanta ba

An fi samun MS a Turai da Arewacin Amurka, kuma adadin da aka rubuta a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kaɗan ne ƙwarai. Masana sun yarda cewa wani ɓangare na wannan ƙaranci ya samo asali ne daga wahalar gano cutar. Tabbatar da ita na buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da hoton na'urar MRI, wani lokaci har da ɗibar ruwan laka a gwada. Mutumin Kadawa ko Chiromawa da ke neman irin wannan bincike sai ya shigo birni, zuwa manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya kuma tanadi kuɗin da ya fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Kafin a kai ga haka, yawanci an riga an raɗa wa ciwon wani suna a gida. Ciwon da ke kwantar da matashiya yau, bayan wata guda ta miƙe kamar ba ita ba, cikin sauƙi ake danganta shi da iska ko sammu. Ranar da mai ciwon ya tashi da ƙarfi a ce ya warke, ranar da ya kasa tashi a ce son jiki ne. Akwai kuma wata cuta mai kama da MS da ke kama jijiyar ido da laka, wadda bincike ya nuna ta fi yawa a tsakanin baƙar fata fiye da Turawa, kuma maganinsu ya bambanta. Shi ya sa gwajin asibiti ke da muhimmanci kafin a fara kowane magani.

Hanyoyi huɗu da bala'i ke tsananta ciwon

Na farko shi ne zafi. Tun a 1890 wani likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin wasu masu cutar na ƙara dushewa idan jikinsu ya ɗumama. Ƙarin rabin digiri kacal a zafin jiki na iya sa jijiyar da ta riga ta raunana ta kasa isar da saƙo. Alamomin kan koma yadda suke idan jiki ya huce, amma a Kano, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, mutumin da ya yi tafiya da ƙafarsa da asuba na iya kasa ɗaga ta da azahar. Ajin makarantar firamare mai rufin kwano, wanda aka cusa mutum hamsin a ciki bayan ambaliya, wuri ne mai tsanani ga irin wannan jiki.

Na biyu shi ne kamuwa da wata cuta. Zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa su ne ke biyo bayan ambaliya. Mai MS da ke fama da matsalar mafitsara, idan ya ga masai ya yi nisa ko kuma na tsugunno ne da ba zai iya amfani da shi ba, sai ya rage shan ruwa don kada ya ji fitsari. Hakan kan jawo ciwon mafitsara, zazzaɓin da ke biyo baya kuma ya tayar da tsofaffin alamomi. Wasu magungunan MS ɗin su kansu suna rage ƙarfin garkuwar jiki, lamarin da ke sa cunkoson sansani ya fi zama haɗari ga mai shan su.

Na uku shi ne firgici da tashin hankali. A lokacin yaƙin da aka gwabza tsakanin Isra'ila da ƙungiyar Hizbullah ta Lebanon a watannin Yuli da Agustan 2006, likitoci a Beirut da kuma a Haifa, kowane ɓangare da nasa binciken, sun gano cewa tashin cutar ya ƙaru a tsakanin majinyatansu a makonnin yaƙin.

Na huɗu shi ne yankewar magani. Wasu alluran MS, irin su intaferon, ana adana su ne a firji a sanyin digiri 2 zuwa 8. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan lantarki suka lalace aka bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, duk mai ajiyar magani a firji ya ga yadda abin yake. Akwai kuma magunguna irin su fingolimod da natalizumab waɗanda idan aka daina su kwatsam, cutar na iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Kullen korona da aka sanya wa Kano a watan Afrilun 2020, da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da dokar hana fita ta awa 24 a farkon Agustan 2024, duk sun nuna cewa ba sai an harba bindiga a ƙofar gida ba hanyar asibiti ke toshewa.

Ƙasar magudanai da taɓo

Naƙasar da aka fi sani a karkarar Kano ita ce ta shan-inna, wadda jihar ta daɗe tana fama da ita, sai makanta da kurumta, da shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini, da karayar gadon baya daga hatsarin mota a hanyar Kano zuwa Zariya. Dukkansu suna haɗuwa da mai MS a wuri ɗaya: yanayin ƙasar da za a bi a tsira.

Yankin noman rani a tsattsage yake da magudanan ruwa manya da ƙanana. Wasu mashigai 'yan sirara ne da mai ƙafa biyu ma sai ya yi hattara. Hanyoyin cikin gona kan zama taɓo da zarar an yi ruwa mai ƙarfi, keken guragu mai ƙafa uku kuwa ba ya tafiya a taɓo. Makaho ya haddace hanyarsa ne da sanda, to idan ruwa ya shafe gefen hanya da bakin magudana ya mayar da su shimfiɗa ɗaya, haddar ta tashi a banza. Kurma ba ya jin lasifikar masallaci, ba ya jin sanarwar rediyo. Gidajen ƙasa kuma sukan jiƙe su rufta cikin dare, lokacin da mai shanyewar jiki ke kwance shi kaɗai a ɗaki.

Matan aure na da tasu matsalar ta daban. Maigida na iya kasancewa a kasuwa ko ya bi motar kaya zuwa kudu, gidan ya rage daga mata sai yara. Matar da ƙafarta ta ƙi ɗaukarta na buƙatar wanda zai ɗauke ta, kuma idan ba a riga an tsayar da wanda zai yi hakan ba, kunya da jinkirin neman izini na iya cinye 'yan mintunan da ake da su.

Abin da aka gani a wasu wurare

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane na barci. Ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu, ruwan ya kuma shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori masu tsada, wato wurin da majinyaci zai gudu ya nufa shi ma ya nutse. Kafin nan, ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu, ta 2022 kuma ta kashe fiye da 600.

Ƙasashen da suka ƙirga naƙasassu daban sun ga abin da jimillar alƙaluma ke ɓoyewa. Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwan teku da suka afka wa Japan a watan Maris na 2011, an gano cewa yawan mutuwa a tsakanin naƙasassu ya kai kusan ninki biyu na sauran jama'a. Wani binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013 ya nuna cewa ɗaya ne kawai cikin naƙasassu biyar ya ce zai iya ficewa nan take ba tare da wahala ba idan bala'i ya auku. Da aka maimaita binciken a 2023, kashi 84 cikin 100 sun ce ba su da wani shiri na kansu.

A fagen yaƙi abin ya fi muni. A Sudan, tun ɓarkewar faɗa a watan Afrilun 2023, akasarin asibitocin yankunan da ake gwabzawa sun daina aiki. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da ke fama da 'yan bindiga, tsira ta dogara ne ga gudu cikin daji da dare, wanda ba zai iya ba kuwa sai dai a ɓoye shi a tafi. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, har hanyar kiran ɗan'uwa ya kawo ɗauki ta yanke.

Abin da doka ta tanada

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 11 na yarjejeniyar ya wajabta wa gwamnatoci kare su lokacin yaƙi da bala'o'i. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar haramta nuna wa naƙasassu wariya. Dokar ta ɗora wa gwamnati alhakin tsaron lafiyarsu a lokacin tarzoma da gaggawa da bala'i, ta ba su fifiko a layi, ta kuma bayar da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A ƙarƙashin dokar ne aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa a 2020, kuma Kano na cikin jihohin da ke da tasu dokar. A watan Yunin 2019 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2475, na farko da ya keɓanta ga naƙasassu a wuraren yaƙi.

Ta fuskar magani ma an samu ci gaba. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya magungunan MS guda uku a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, ciki har da rituksimab, wanda yawanci ake bayarwa ta ƙarin ruwa sau ɗaya a wata shida. Ga wanda ke nesa da asibiti, ko wanda hanya ke iya yanke masa, wannan tazara na da amfani, ko da yake likita ne kaɗai zai tantance wanda ya dace da shi.

Sai dai doka ba ta san ɗakin da gurgu ke kwana ba. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA na bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana, NEMA da SEMA kuma na kai ɗauki. Amma kafin motar agaji ta iso daga birni, maƙwabci ne ke ceton maƙwabci.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A nan ne yankin Garun Malam ke da wata dama da wasu wurare ba su da ita. Noman rani ya koya wa mutanensa tsari. Akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke aiki tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, waɗanda suka san gonar kowa, da ranar da ruwa zai shiga kowane layi, da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Al'ummar da ke iya riƙe irin wannan lissafi za ta iya riƙe wani mafi sauƙi: sunan duk wanda ba zai iya fita da kansa ba a kowace unguwa, da gidan da yake, da abin da yake buƙata.

Masu unguwanni da dagatai da limamai sun san gidajen. Sarkin makafi da sarkin guragu, sarautun da ƙasar Hausa ta daɗe da su, sun san mutanensu fiye da kowane jami'i. Abin da ya rage shi ne a rubuta, a sabunta kafin kowace damina, a kuma sanya naƙasassun kansu cikin masu tsarawa, domin su suka san mashigar da keke ba ya wucewa. Dole ne jerin ya haɗa da masu ciwon da ba a gani, kuma a nan iyalai ne za su daure su faɗi gaskiya, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kowane suna a jerin ya kamata a haɗa shi da mutum biyu da suka ɗauki alkawarin zuwa, domin ɗaya na iya yin tafiya. Mace a haɗa ta da mata ko muharramanta. A san amalanke ko kura ko babur mai ƙafa uku da za a yi amfani da shi. Gargaɗi ya bi ta hanya fiye da ɗaya: lasifika, da saƙon waya, da ƙwanƙwasa ƙofa. Mafi muhimmanci, a fitar da masu rauni tun gargaɗin farko, kafin hanya ta zama taɓo. A makarantar da aka ware don saukar jama'a, a keɓe musu ajin da ya fi iska kuma ya fi kusa da masai, a tanadi kujerar bahaya, a kai musu rabonsu na abinci inda suke maimakon a bar su da wawaso.

A cikin gida, mai MS ko wata doguwar jinya na buƙatar jaka guda da ke rataye kusa da ƙofa. A cikinta a sa katin asibiti da sakamakon gwaje-gwaje a naɗe cikin leda, da takarda mai ɗauke da sunan cutar da sunayen magunguna da yadda ake shan su, da lambar wayar likita, da maganin aƙalla mako biyu, da fitila, da robar fitsari ga mai amfani da ita. Yana da kyau a ɗauki hoton takardun a waya, a tura wa wani ɗan'uwa a birni. Tun ana zaman lafiya ya kamata a tambayi likita abin da za a yi idan magani ya yanke, da kwana nawa allura za ta iya yi a wajen firji.

Tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi sosai kuma tana ba da ruwan sanyi da jiƙaƙƙen tsumma don sanyaya jiki. Amma ba ta kai sanyin firji ba. Don haka ya fi dacewa a yi magana da cibiyar lafiya mafi kusa mai firjin rigakafi na hasken rana. Idan kuma sabuwar alama ta bayyana ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, kamar dushewar ido ko mutuwar ƙafa, to asibiti za a nufa, domin akwai allurar da ake yi ta kwana uku zuwa biyar da ke gaggauta lafawar ciwon.

Yawancin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau, da ma'aikatan da ke sakatariyar Audu Bako, suna da uwa ko ƙane ko 'yar'uwa a irin waɗannan garuruwa. Kuɗin da ake aikawa bayan bala'i don sayen tabarma da buhun shinkafa, kaɗan daga cikinsa zai isa a sayi keken guragu, a gyara dokin ƙofa, a ɗaga gadon mara lafiya daga ƙasa, ko a biya kuɗin motar da za ta kawo shi birni ya yi watan Agusta a wurin dangi. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ko na hukumar agaji kuwa, tambaya ɗaya ta ishe shi ya yi a taron shirin damina na bana: a wannan mazaɓa, mutum nawa ne ba za su iya tashi ba idan aka ce a tashi, kuma wa zai je ya ɗauko su?